Gwiwar Hagu ta Sisi Nomalizo

Ni na fara sanin gwiwar Sisi Nomalizo ta lalace, tun kafin ita kanta ta yarda. Sisi a bakin garinmu yaya ke nan. A kan keke na gane. Kekenmu mai sirdi biyu ne, ita a gaba tana tuƙi, ni a baya, sarƙa ɗaya ta haɗa fedodinmu, saboda haka duk abin da ƙafarta ta yi tawa tana ji. Ranar muna hawan tudun hanyar Seaview, iskar garinmu tana dukan mu ta gefe yadda ta saba, sai na ji fedar dama tana sauka da ƙarfi, ta hagu kuwa sai lallaɓawa take yi.

"Sisi, ƙafarki ta hagu ta shiga yajin aiki ne?"

"Taka keke, Lulama, ki rage surutu. Ga rami nan gaba, ɗaga ɗuwawu."

Na ɗaga, ramin ya wuce ta ƙarƙashinmu.

Idanuna sun tafi ina da shekara goma sha tara. Ba na son a yi mini jaje a kan haka, duk wanda ya fara "Allah sarki" nakan tambaye shi ko wani ne ya rasu. Ina da aikina, ina zaune a gaban waya daga safe zuwa yamma ina karɓar ƙorafin mutanen da famfonsu ya ƙafe, su zage ni, in ba su haƙuri, in ajiye waya in rama a zuciyata. Gudu ne ya hana ni haukacewa. Sisi kuwa ita ta koya mini shi. A ƙungiyar masu gudu ta unguwar Motherwell muka haɗu shekara takwas da suka wuce, lokacin da kowa yake ta kame-kame a kan wanda zai riƙe makauniya. Ita ba ta tambayi kowa ba. Washegari ta zo da igiya da ta ɗinka daga ragowar bel ɗin mota, don a masana'antar kujerun mota ta Kariega take ɗinki, ta zura mini madauki ɗaya a wuyan hannu, ta zura ɗayan a nata, ta ce, "Ni zan faɗa miki ƙasa, ke ki taka. In na yi ƙarya ki kore ni."

Aikin 'yar jagora ke nan, faɗin ƙasa. Dakali, hau. Dakali, sauka. Yashi. Kare a dama, ba ruwansa da mu. Ba a jan makaho, ba a tura shi, magana ce kawai da ɗan motsin igiya. Sisi ta haura hamsin, muryarta irin ta masu kiran fasinja ce a tasha, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa ce mini ƙasa shimfiɗe take ba alhali da rami.

Ita ta sa mini kwaɗayin gasar nan ta bakin teku da ake yi a garinmu duk shekara, wadda ake haɗa abu uku: a yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a yi gudun da ya haura kilomita ashirin. Shekara biyu muna shiri. Na sha ruwan gishirin da zai ishi garinmu miya kafin in iya iyo da igiya ɗaure a cinya. Dokar gasar kuwa a fili take: makauniya 'yar jagora ɗaya za ta riƙe tun daga shiga ruwa har layin ƙarshe, ba a sauyi a tsakiya. Wadda ta shiga teku da ni, ita za ta yi gudun da ni.

Mako ɗaya bayan hawan tudun nan ta zo ɗaukata da safe, na ji motar tana ƙamshin man zafi.

"Na je wurin mai gashin ƙashi," in ji ta. "Wai guringuntsi ne ya ɗan tsage. Ya ce in rage gudu, shi ke nan. Iyo da keke ba matsala. Kafin gasa ta warke."

"Ɗan tsagewa kamar yaya?"

"Kamar ɗan tsagewa. Ke likita ce?"

Na yarda, don ina son in yarda. Muka juya shirinmu. Ranakun gudu suka koma na iyo da keke, gudun Sisi kuma ya koma cikin ruwa. Mai gashin ƙashin ya ba ta wata ɗamara mai sa mutum yawo a saman ruwa, ya ce ta shiga wurin da ya fi zurfi a wurin iyon unguwa ta riƙa gudu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta ce ba za ta yi wannan shirme ita kaɗai ba, ta aro mini tawa. Sai ga mata biyu manya, ɗaure da juna, muna ta tsala gudu a wuri ɗaya, yara suna bakin ruwa suna shan dariya. Ko a nan bakinta bai huta ba. "Bango, juya. Tsoho a hagu, yana iyo kamar kwaɗo." Tsohon ya ji, ya tsaya yana haki ya ce mu kuma ina muka nufa da wannan sauri. Sisi ta ce, "Cape Town, baba, matsa mana." Na yi dariya har na shaƙi ruwa. Kwanakin nan sun yi mini daɗi ƙwarai, ban taɓa jin kusancinmu kamar lokacin ba.

Amma gudun ruwa ba zai shirya ƙafata ga kwalta ba, wannan ita ma ta sani. Sai ta kawo Ronel.

Ronel 'yar unguwar Gelvandale ce, mai aikin ceton masu nutsewa a bakin teku, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Tana ƙamshin man rana da cingam. Sisi ta gabatar da ita a taƙaice: "Aro ce. Za ta riƙe ki a dogon gudu kafin ƙafata ta dawo. Ni zan bi ku a baya da ƙaramin keke." Ta zare madaukinta ta miƙa, na ji yadda ta ɗan riƙe shi kafin ta saki.

Ban yi wa Ronel adalci ba, ita ma da farko ba ta iya komai ba. Muna cikin gudu sai ta ƙwala, "Kula!"

"In kula da me, 'yar ruwa? Da zaki? Da surukata?"

"Da abin nan, can!"

"Can ina? Nuna mini da yatsa in gani."

Sai ta fashe da dariya ta ce, "Kai, Sis Lu, bakinki ya fi ƙafarki gudu." Daga baya kuma muryar Sisi tana ta zuwa daga kan keke: dakali, yashi, kare. Ronel ta buɗe baki, Sisi ta riga ta. Ni kuwa hakan ya yi mini, hannuna yana wurin baƙuwa, kunnena yana gida.

Wata Asabar a hanyar masu tafiyar ƙafa ta Summerstrand abin ya ƙwace. Wani mai kamun kifi ya ajiye akwatinsa a tsakiyar hanya. Ta dama akwai wuri, ta hagu ma akwai. Ronel ta ce "dama" ta ɗan ja igiya, a daidai lokacin Sisi ta ɗaga murya daga baya ta ce "hagu". Ban yi tunani ba, jikin da ya shekara takwas yana bin murya ɗaya ba ya tsayawa shawara. Ƙafafuna suka yi hagu, hannuna ya yi dama, na bugi akwatin da ƙauri, na kifa, na jawo Ronel ta faɗo a kaina. Kifin mutumin ya watse, yana ta faɗa da harshen da ban so in fassara ba.

Tafin hannuna ya saluɓe, haɓata ta fashe. Ronel ta miƙe tana karkaɗe jiki, muryarta ba wasa a ciki.

"Anti Nomalizo, ina ganin girmanki. Amma ba zan iya jan mutum da baki biyu ba. Ko ni in yi magana, ko ke."

Sisi ta sauko daga keke. Ta durƙusa da ƙyar, na ji ta ja numfashi ta haƙora lokacin da gwiwar ta lanƙwashe, ta zuba mini ruwan gora a hannu tana wanke tsakuwar.

"Laifina ne," ta ce a hankali. "Asabar mai zuwa ni zan riƙe ki. Wasan yaran ya isa."

Ranar Asabar ɗin Sisi ta zo da gwiwa a naɗe, ina jin ƙarar bandejin duk lokacin da ta taka, ga kwalbar ƙwayoyi tana kacau-kacau a aljihunta. Muka ɗauki hanyar bakin teku wajen fitilar jiragen ruwa, hanyar da na sani kamar tsakar ɗakina. Farkon gudun, wallahi, na ji kamar in yi kuka don daɗi. Takunmu ɗaya, numfashinmu ɗaya, igiyar tana lilo a sake tsakaninmu yadda ya kamata. Na ce a raina ashe da gaske ta warke.

Ba mu yi nisa sosai ba igiyar ta fara fizga. Kaɗan-kaɗan, duk taku na biyu, ta yi ƙasa ta dawo. Numfashinta ya sauya, faɗin ƙasar ma ya fara zuwa a gutsure.

"Sisi, mene ne?"

"Ba komai. Hanyar ce, sun yi faci, duk ta yi tudu da kwari."

Ƙafata tana kan kwaltar da tata take. Sumul take, babu faci ko ɗaya. Ba haushi na ji ba, tsoro ne da tausayi a haɗe. Na ja na tsaya cak, igiyar ta miƙe, ita ma dole ta tsaya. Na durƙusa na lalubi ƙafarta. Ta cikin bandejin ma zafin ya bugi tafina, gwiwar ta kumbura suntum kamar burodin da ya tashi. Ta buge mini hannu.

"Tashi, mutane suna kallo."

"Su kalla, ni ba na ganin su. Me mai gashin ƙashin ya ce?"

"Na gaya miki. In rage gudu."

"Sauran maganar fa?"

Motoci suka yi ta wucewa. Teku yana ta bugun duwatsu a gefenmu. Can ta ce, "Ya ce in na yi gudun gasar, wataƙila in kai ƙarshe, amma daga nan sai dai gwiwar ƙarfe. Likitoci ai ba su da aiki sai tsoratarwa. Rana ɗaya ce fa, Lulama. Rana ɗaya zan ba ki, daga nan ta huta har abada in tana so."

"Kuma wa ya roƙe ki gwiwarki?"

"Tawa ce, in ba wanda na ga dama."

Na miƙe tsaye. A wurinmu in kana son ka roƙi babba abin da zai yi masa nauyi, ba ka kiran sunan da aka raɗa masa, sunan zuriyarsa kake kira. Ban taɓa kiran ta da shi ba sai ranar.

"MaDlomo," na ce, "don girman iyayenki ki yafe mini. Ba zan shiga gasar nan da ke ba. Da Ronel zan shiga."

"Ke kike kora ta?"

"Ni nake korar ki."

Na zare madaukin daga wuyan hannuna na miƙa mata. Ta daɗe ba ta karɓa ba, sannan ta fizge.

"To madalla. Tunda kin girma, nemi hanyar mota da kanki."

Na ji takunta yana nisa, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a ja. Na tsaya a gefen titi, ba sanda, ba igiya, iska tana kaɗa mini riga. Ba ta yi wani nisa ba takun ya tsaya. Ta yi tsaki mai tsawo, ta dawo, ta cusa gwiwar hannunta a tafina. Haka muka tako har wurin mota, ba ta ce mini komai ba sai aikinta, da murya a bushe kamar mai karanta sanarwa. "Dakali, hau. Kwalba a fashe, dama. Dakali, sauka." Ta kai ni har ƙofar gida, ta jira na shiga, ta ja mota ta tafi da igiyar.

Daga ranar ta ɗauke mini wuta. In kira, waya ta yi ta ringi har ta gaji. In aika saƙon murya, a saurara, ba amsa. Na je ofishin gasa na sauya sunan 'yar jagora, matar da ke wurin ta ce mini in yi murna na samu mai ƙuruciya, na kusa kifa mata mari.

Ronel ta yanko igiyar allon hawan igiyar ruwa ta yi mana sabuwa. Gaskiya ta dage. Ta ce ko kasuwa za ta je tana tafe tana faɗa wa kanta ƙasa, har mahaifiyarta ta fara tunanin kai ta wurin fasto. "Kula" ta ɓace daga bakinta. A teku ma ta fi Sisi, wannan ko Sisi ba za ta musa ba, ta san inda ruwa yake ja tun kafin ya ja. A kan keke fedodinta biyu suna sauka daidai. Gudunmu ya ƙaru, 'yan ƙungiya suna ta yaba mana. Ni kuwa zuciyata ba daɗi. Ina kewar Sisi yadda ban zata ana kewar mai rai ba. A wurin aiki wani ya zage ni a kan famfonsa, maimakon in ba shi haƙuri sai na ji hawaye suna zuba, shi ya koma yana ba ni haƙuri.

Gasa saura mako guda, muna zaune a kan yashi bayan iyo, Ronel ta ce, "Yau ma kin kira ni Sisi a cikin ruwa."

"Bakina ne ya zame."

"Kullum yana zamewa. Ba ya damuna. Amma kin san ta daina zuwa iyo? Matan ƙungiya sun ce wurin gashin ƙashin ma ta daina zuwa. Daga aiki sai gida."

Na kore ta don in tsirar da gwiwar, ashe na rasa ta ita kuma gwiwar tana can tana sanƙarewa.

"In kai ki?" in ji Ronel.

"A'a. In ta gan ki za ta sa sakata."

Ranar Lahadi da rana na ɗauki sandata na hau tasi zuwa KwaZakhele, unguwar su Sisi. Ita kaɗai take zaune tun da 'yarta ta koma Cape Town. Na san gidan: ƙofar waya mai kuka, ɗan fili, matakala a bakin baranda. Ina tura ƙofar na ji rediyo ya yi shiru. Kujerar roba ta motsa a baranda. Tana nan zaune, tana kallona.

"Sisi, ina wuni?"

Shiru.

"MaDlomo, baƙuwa ce a ƙofa."

Ko tari ba ta yi ba. Na tsaya rana tana dukan ƙeyata. Sai na naɗe sandata gaɓa-gaɓa, na cusa ta a jaka, na rataya jakar, na saki hannuwana, na fara takowa cikin filin da saurin mai ido. Ban san me ta ajiye a wurin ba, kuma Sisi ba ta san a mayar da abu inda aka ɗauko shi ba. Na ji ta ja numfashi ta riƙe. Na ƙara taku. Kujerar ta yi ƙara.

"Bokiti! Bokiti, 'yar banza, dama! Igiyar shanya, sunkuya! Matakala, hau, hau. Kai, Allah ya shirye ki."

Na iso baranda ina haki kamar na yi gudu. Ta cafki damtsena ta zaunar da ni a kan benci da ƙarfi.

"Da kin fasa baki fa? Saura mako ɗaya!"

"Ashe kina lissafi."

"Rufe mini baki."

Ta shiga ciki tana jan ƙafa, ta fito da shayi da burodi, ta dangwara a gabana, ta kama hannuna ta ɗora a kan kofin don kada in ƙone. Muka fara sha. Maƙwabta suna gashin nama, hayaƙin yana shigowa. Can ta ce, ba tare da ta juyo wajena ba, "Yarinyar nan tana gaya miki gangaren da ke bayan fitilar jirage? Kwanar tana zuwa da wuri. Ta fara matse birkin keke tun daga allon gargaɗi."

"Tana faɗa."

"A ruwa ta riƙa ajiye ki ta waje, kada maza su haure ki da ƙafa."

"Zan gaya mata. Za ki zo?"

"In na zo zan yi magana, ki sake faɗuwa."

"Sai ki cika bakinki da burodi."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, dariyar ta karye a tsakiya. Na ajiye kofi na jira.

"Kin san abin da ya fi ci mini rai?" in ji ta. "Jiya na je kanti ni kaɗai. Ina sauka daga dakali na ji bakina ya ce 'sauka'. Na waiga, ba kowa. Tun da 'yata ta tafi, ke ce mutumin da nake tashi da asuba dominsa. In ban faɗa miki ƙasa ba, wa zan faɗa wa? Da wannan zaman ai gara gwiwar ƙarfe."

Na lalubi hannunta na riƙe. Tafin duk kanta ne saboda ɗinki. Na gaya mata gaskiya, cewa gasa ɗaya ce Ronel za ta yi da ni, amma ina da niyyar in tsufa ina damun mutane, kuma ina buƙatar wadda za ta iya taka ƙasa a gefena har lokacin. Na ce ina son ta fiye da kowace gasa, in ta ƙi ji ma na faɗa. Ta ce in daina yi mata wa'azi a gidanta, amma ba ta janye hannun ba.

"Me ya sa kika daina zuwa gashin?"

"Yaron ya raina ni."

"Da ya yi me?"

"Duk abin da ya ce na yi. Ɗaga ƙafa, na ɗaga. Matse tawul, na matse. Sai ya ce in tsaya da ƙafar hagu ita kaɗai, in rufe ido, wai don gwiwar ta koyi riƙe kanta ba da taimakon ido ba. Ya ce in ba ta koyi wannan ba ba zan sake gudu ba." Ta yi tsaki. "Na kasa, Lulama. Ba ƙafar ba ce, idon ne ya ƙi rufuwa. Ina rufewa ya buɗe da kansa. Sai in ji kamar akwai abin da ke gabanmu ban gani ba. Ya yi ta cewa mama saki jikinki, mama saki jikinki, mutane suna kallo. Na ɗauki jakata na fito."

Na miƙe. "Tashi mu shiga ciki."

"Don me?"

"Tashi dai."

A tsakar ɗakinta na sa ta ture tebur gefe. Na tsaya a gabanta, na buɗe ƙafafuna na kafe, na miƙa mata tafukana biyu a buɗe. Ta ɗora nata a kai sama-sama, kamar mai taɓa tukunya ta ji ko ta huce.

"Ɗaga ta daman."

Na ji ta ɗaga. Yatsunta suka ɗan motsa.

"Rufe ido."

"Na rufe."

"Ƙarya kike yi."

"Ke ta yaya za ki sani?"

"Hannunki ba nauyi. Mai ido ne kawai yake riƙe mutum haka."

Ta sauke ƙafar, ta yi huci. "In na rufe, wa zai duba mana?"

"A ɗakinki muke, Sisi. Ba mota, ba rami. Ni shekara goma sha biyar ke nan ina nan inda kike tsoron shiga, kuma ga ni a tsaye. Ba abin da ke ciki sai ni. Ɗaga ƙafar."

Ta ɗaga. Na ji numfashinta yana fita da sauri-sauri, sannan ya tsaya. Yatsunta suka lalubo wuyan hannuna suka damƙe. Sai nauyinta ya sauko mini gaba ɗaya, nauyin mace mai shekara hamsin da ɗoriya da ba ta taɓa jingina da kowa ba, har sai da na ƙara kafe dugadugaina. Gwiwar tana karkarwa, ina jin ta har kafaɗuna.

"Lulama," ta ce da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba. "Kina nan?"

"Ina nan."

"Kada ki sake ni."

"Ba zan sake ki ba. Tsaya a kanta, za ta ɗauke ki."